Gado na Bakwai

Ƙarfe biyun dare, Damagaram ta yi tsit,
sai fanka mai ƙugi a ɗakin maza
da tarin wani can ƙurya.
Duwatsun Birni sun sha rana tun hantsi,
yanzu suke amayo mana ita ta taga.

Ni ce da aikin dare. Biro a aljihu,
a hannu takardar binciken Majo Harisu,
gida-gida kamar dara,
kowane majinyaci da lambarsa.
Tambayar guda ce: in ana juya na kwance
duk awa biyu, ba fashi,
gyambon kwanciya zai ragu? Da nawa?
Mun sani a baki. Ana so mu sani a ƙidaya.

Lamba sha tara, gado na bakwai,
Baba Kalla, majemi.
Ɓarin dama ya shanye tun kafin azumi,
amma rinin bagaruwa bai bar faratansa ba.

Na wanke hannu da ruwan jarka,
famfonmu kwana uku bai ce uffan ba.
Na tashi jikansa Laminu daga tabarma:
kai kafaɗa, ni ƙugu,
kar ka ja, ɗagawa ake.
Muka mirgina shi hagu,
matashi tsakanin gwiwoyi, diddige a iska.
Na haska fitilar waya a ƙashin baya:
ja, faɗin yatsa biyu.
Na danna, ya yi fari, ya dawo.
To, da sauran rai a wurin.

Sai ya ce, da rabin bakin da ya rage masa:
“'Yata, ai sana'ata kike yi.
Shekara hamsin ina juya fata a kwatarniya.
Wadda aka manta a gefe guda, ita ke ruɓa.
Fata ba ta ihu.
Wari take yi, shi ma sai an makara.”

Na duba gidan da zan sa wannan magana.
Akwai na lokaci, na gefe, na launi,
na jiƙe ko bushe.
Na rubuta: biyu da minti goma, hagu, ja mai gushewa.
Sauran na ajiye a bayan takarda
da ƙananan baƙaƙe.

Daren Talata mota ta kife a hanyar Mirriya.
Mutum tara aka sauke mana lokaci guda,
jini har bakin ƙofa.
Awa shida ban waiwayi gado na bakwai ba,
Laminu kuwa barci ya sace shi.
Da safe gida uku suka zuba min ido, wayam.
Abokiyar aiki ta ce, cike mana, wa ya gani?
Na ɗaga biro. Ba zan ɓoye ba, na ɗaga.
Sai na tuna jan ya yi duhu,
na danna bai gushe ba.
In takarda ta ce an juya shi,
gobe wani zai karanta ya ce juyi ba ya magani.
Na bar su wayam.
Gidan wofi ma shaida ne:
hannu biyu ba sa isar gado talatin.

Kwana goma muka yi muna lallashin wurin
kafin ya huce.

Ran da aka sallame shi
Laminu ya nuna min wayarsa,
ya sa ta kuka duk awa biyu.
Majo bai gama lissafi ba,
ya ce sai an kai mutum ɗari.
Ban san me ƙidaya za ta ce ba.
Bayan mako aka kawo min ƙunshi:
kuben jar fatar akuya, daidai biro,
ɗinkin ya karkace, na hannun hagu ne.

Ƙarfe huɗu.
Ladanin Garin Malam na gyaran murya.
Gado na bakwai yanzu lamba ashirin da shida,
direba ne, ba ya son a taɓa shi.
Jarka ta kusa ƙarewa.
Na karkata ta a hankali.